Yadda Ake Haɗa Murya Uku a Gem ɗin Waƙa, Daga Sayen Makirufo Zuwa Ranar Taro

Tun ranar da wasu 'yan'uwa suka kawo mana gaisuwar Sallah a Agege suka tarar da mu mu uku tsaye gaban talabijin, kowa da makirufo a hannu, tambaya ɗaya ce ke bi na duk inda na sa ƙafa: yaya ake yin abin nan? Wani ya tare ni a bakin masallaci, wani ya bugo daga Idi-Araba, ƙanwar matata kuma ta aiko saƙo daga Mile 12 cewa ita da ƙawayenta sun sayi kaya amma kibiyoyin da ke bin sautin muryarsu a allo sun ƙi zama a kan layi. Shi ya sa na zauna na jero matakan daki-daki, yadda muka bi su har abin ya zauna mana.

Kafin a kashe ko kwabo, a riƙe wannan: haɗa murya daban, amshi daban. Mu da amshi muka tashi. Mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, dukansu a kan sauti ɗaya kamar da baki ɗaya suke yi. A haɗa murya kuwa mutum uku ne ke faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa a kan nasa sautin, wannan a ƙasa, wannan a tsakiya, wancan a sama. Duk wanda ya zauna a Legas ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne abin da ke shigowa ta taga ranar Lahadi da safe daga cocin da ke bayan layi, inda muryoyin mata ke sama, na maza ke ƙasa, su haɗu su yi kauri. Wahalar abin a kunne take. Maƙogwaro yana iya yi, kunne ne ke jan ka ka bi abokinka ka bar naka layin. Kusan duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na taimakon kunnen nan.

1. Zaɓi gem ɗin da ya san murya uku

Ba kowane gem na waƙa ke rarrabe muryoyi ba. Da yawansu gasa ce kawai: mutum biyu su rera layi ɗaya a ga wa ya fi maki. Kamfanin Harmonix na Amurka ne ya shigo da haɗa murya uku a The Beatles: Rock Band a 2009, mai waƙoƙi 45. Rock Band 3 ya biyo baya a 2010 da waƙoƙi 83 a faifai, sai Rock Band 4 a 2015 da waƙoƙi 65. Na 2009 da na 2010 suna tafiya a PlayStation 3 da Xbox 360, na 2015 kuma a PlayStation 4 da Xbox One.

Shawarata ga mai farawa ita ce PlayStation 3 da ɗaya daga cikin biyun farko. Na'urar ta tsufa, don haka ta yi sauƙin kuɗi, ta kuma cika kasuwa, masu gyaranta ba sa wuyar samu, kuma faifanta ba ya zaɓar ƙasa: wanda aka sayo daga Ingila da wanda aka sayo daga Amurka duk za su tashi. In kunnen ake son horarwa, na 2009 ya fi, saboda yawancin waƙoƙinsa dama a kan haɗa murya aka gina su, kuma yana da sashen koyo da ke busa maka sautin layinka kai kaɗai.

Gargaɗi: kada ka sayi PlayStation 4 da niyyar sauke Rock Band 4 daga intanet. An daina fitar masa da sababbin waƙoƙi a watan Janairun 2024, aka kuma cire shi daga shagunan PlayStation da Xbox a watan Oktoban 2025. Sai dai faifai, don haka ka fara samun faifan a hannu kafin ka sayi na'urar.  

Wanda yake da kwamfutar tafi-da-gidanka yana da wata hanya da ba ta cin kuɗin faifai. Akwai YARG, gem na kyauta da aka gina a kan salon Rock Band, yana karɓar murya uku. Akwai kuma UltraStar Deluxe, shi ma kyauta, wanda ke da waƙoƙin mutum biyu kowa da layinsa, yana kuma barin ka shigar da taka waƙar ka zana mata layi da kanka. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina, domin babu waƙar Hausa ko ɗaya a waɗancan faifan. Duk wanda ke da tasa waƙar biki ko ƙasida da ya ɗauka da muryarsa, a nan ne zai iya ganinta tana gudu a allo.

2. Kayan da za a saya, da inda kuɗin ke tafiya

Ba ka bukatar jitar roba ko gangunan gem ɗin. Su ne suka fi tsada, suka fi wuyar samu, kuma mai haɗa murya ba ruwansa da su. Abin da kake nema shi ne na'urar kanta da hannun gem ɗaya, faifai, makirufo uku masu bakin USB, mahaɗar USB da 'yan kasuwa ke kira hob, wayar HDMI, sai abin kare kaya daga hawa da saukar wuta.

Hob ɗin dole ne. PlayStation 3 siririya rami biyu kawai gare ta a gaba, makirufo kuwa uku ne, ga hannun gem ma zai nemi caji. In ka samu hob mai nata abin sawa a wuta, ita ta fi, domin marar wuta takan gaza ɗaukar makirufo uku, sai ɗaya ya riƙa ɓacewa ana tsakiyar waƙa.

Kaso mafi girma na kuɗin na'urar ce ke cinyewa, sai makirufo ukun, sai faifai. Hob da waya ba su kai a yi musu dogon ciniki ba. Kayan nan duk na hannu ne, tokumbo, farashinsu kuma yana bin dala, don haka abin da aka gaya wa abokinka wata uku baya ba shi ne na yau ba. A Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba International da ke Ojo, ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Ka kuma sa kuɗin mota da na man janareto a lissafi tun farko, don su ne kuɗin da za su riƙa fita kowane mako bayan an gama sayen kaya. Mu karo-karo muka yi: ɗaya ya ɗauki na'ura, kowa ya sayi makirufonsa, mai ɗaki kuma aka ɗauke masa kuɗin mai.

Gargaɗi: makirufo mai doguwar fulogi irin na lasifikar biki ko na masallaci ba zai yi ba, haka ma mai Bluetooth da ke da lasifika a jikinsa irin wanda yara ke wasa da shi. Mai USB kake nema. Waɗanda aka yi wa Rock Band da Guitar Hero, yawanci ƙirar Logitech, su ne ba sa gardama. In kuma Xbox 360 ka zaɓa, duba rubutun da ke jikin tubalin wutarta. Wanda ya fito daga Amurka na wuta 100 ne zuwa 127, tamu kuwa 230 ce. Ka soka shi kai tsaye a bango, ka yi asararsa nan take.

3. Gwada komai a gaban mai shago

Wannan matakin na koye shi ne da kuɗina. Na sayi makirufo uku a wani shago, yaron shagon ya soka kowanne ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi magana, na biya na kama hanya. Da na isa gida bayan awa biyu a cunkoso, na haɗa ukun tare, sai biyu kawai na'urar ta gani. Na ukun wayarsa ta karye daga ciki kusa da gindi, sai an riƙe ta a wani kwana take aiki, yaron kuma ya san kwanan.

Don haka ka ce, “Oga, a haɗa min su duka uku a hob ɗin nan, a sa faifan, in gani da idona.” Ka shiga waƙa mai murya uku. Ka yi magana a kowane makirufo kana lanƙwasa wayarsa a hankali daga sama har ƙasa. Kowanne yana da tasa kibiya a allo. In wata kibiya ta ɓace lokacin da ka motsa waya, ajiye wannan makirufon. Ka juya faifan ka duba bayansa a haske, ka bar waƙa ɗaya ta tafi har ƙarshe don ka tabbata ba ta sarƙewa. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar waya, kuma ka tabbata a cikin shagon kake ciniki, ba da masu tare mutane a bakin titi ba.

4. Wuta da ɗaki

Kowa ya san halin wutarmu, ko kana layin Ikeja Electric ko na Eko. Ɗauke wuta ana cikin ajiye bayanai na iya lalata abin da ke cikin na'urar, don haka in da hali a sa ta a kan inbata ko ƙaramin UPS, ko da na minti goma ne da zai ba ka damar kashewa da kyau.

Amma babbar matsalar mai rera waƙa ita ce ƙarar janareto. Makirufo ba ya bambance muryar mutum da gurnanin inji, shi dai sauti yake ji. A darenmu na biyu mun tsaya shiru muna jiran baiti ya iso, sai ga kibiyar ƙanena tana rawa ita kaɗai a ƙasan allo alhali bakinsa a rufe. Janareton maƙwabci ne da ke ƙarƙashin tagarmu take bi. Da ya buɗe baki kuma sai kibiyar ta riƙa tsalle tsakanin muryarsa da injin. Maganin shi ne a rufe tagar da ke fuskantar janareto, a ja naku nesa da doguwar waya, a tsayar da masu rera waƙa su ba wa tagar baya.

Fankar sama ma haka. Iskarta na bugun kan makirufo, gem ɗin ya ɗauka numfashi ne ko magana. A rage ta zuwa lamba ɗaya, ko a kawo fankar ƙasa a juya ta wajen ƙafafu. Soson da ake sa wa kan makirufo yana rage wannan, yana kuma da sauƙin wankewa, abin da ke da kyau tunda baki da yawa za su kusance shi.

Ɗaki mai labule da katifa da darduma ya fi falo mai tayil tsirara, saboda bango tsirara yana maido da sauti cikin makirufo.

5. Daidaita jinkiri kafin kowa ya buɗe baki

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, su kuma ɗora laifin a kan muryarsu. Talabijin na zamani yana ɗan riƙe hoto da sauti kafin ya sake su, ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A kallon ƙwallo ba wanda zai lura. A waƙa kuwa yana nufin kana rera kalmar da gem ɗin ya riga ya wuce ta, sai ka ga kana kan sautin daidai amma maki ba ya cika.

Ga yadda ake bi. Da farko ka shiga saitin hoto na talabijin ka kunna abin da aka rubuta Game Mode, ka kashe duk wani abin gyaran hoto da na sauti. Na biyu, ka shiga saitin gem ɗin inda aka rubuta Calibration. Zai buga maka sauti a jere ya ce ka danna maɓalli daidai da kowane bugu, sannan ya nuna maka alama a allo ka sake dannawa daidai da ita. Na sautin ka yi shi ido a rufe, na hoton ka yi shi da sauti a kashe, don kada ɗaya ya ruɗe ɗaya. Ka maimaita sau uku. In lambobin da yake ba ka sun yi kusa da juna, ka ɗauki ta tsakiya. Ka rubuta su a takarda ka manna a bayan talabijin.

Gargaɗi: lasifikar Bluetooth ita ce babbar mai kawo jinkiri, kuma jinkirinta ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kuna son sauti mai ƙarfi, a haɗa lasifika da waya. Duk ranar da aka canja talabijin ko lasifika, ko aka ɗauki na'urar zuwa gidan wani, sai an sake wannan matakin daga farko.

Akwai wani jinkirin kuma da saiti ba ya gyarawa: muryarka da ke fitowa daga talabijin tana biyo bakinka a baya kaɗan, kamar wani na kwaikwayonka. Wannan yana rikita mai koyo ƙwarai. A rage ƙarar makirufo a cikin gem ɗin har ƙasa. A ƙaramin ɗaki kuna jin juna da kunne, ba ku bukatar lasifika ta maimaita muku.

6. Karanta allon

Wajen zaɓen waƙa, gem ɗin yana nuna yawan muryoyin da ke cikinta. Zaɓi mai biyu ko uku, sannan da ya tambaya ka zaɓi Harmonies, kada ka zaɓi Solo. Ku ukun a matsayin ɗan wasa ɗaya kuke, hannun gem ɗaya, maki ɗaya.

Layuka masu launi za su riƙa tahowa daga dama zuwa hagu. Shuɗi shi ne na jagora, wato karin da kowa ya sani. Sauran biyun, masu launin lemo da ruwan ƙasa, su ne na haɗi. Kalmomin jagora suna ƙasa, na masu haɗi suna sama. Layin da ke sama siririn sauti ne, na ƙasa mai kauri. Aikinka ka sa kibiyarka ta hau layinka ta zauna.

Abubuwa uku ne ya kamata a sani a nan. Gem ɗin bai ɗaure makirufo da layi ba, duk layin da ka hau shi zai lissafa maka, don haka idan ku uku kuka taru a kan shuɗi, murya ɗaya kawai zai ƙirga. Na biyu, bai damu da kaurin murya ba: namiji mai babbar murya zai iya rera layin sama a nasa ƙasan, muddin sautin ɗaya ne, kamar yadda uba da ɗansa ƙarami ke rera abu ɗaya kowa a muryarsa. Ba sai kowa ya matse maƙogwaro ba. Na uku, murya ɗaya da ta cika baiti ta isa ta riƙe ninkin maki, ta biyu da ta uku ƙari ne. A Rock Band 3, idan biyu suka cika zai rubuta Double Awesome, idan uku Triple Awesome. Wannan rubutun na ƙarshe shi kuke nema.

A kunna No Fail don kada waƙa ta yanke a tsakiya, a fara daga Easy ko Medium. Layin ba ya canjawa da matakin wahala, sassaucin hukuncin ne kawai ke raguwa.

7. Raba muryoyi

Kuskuren da kowa ke yi shi ne a ba wanda ya fi iya waƙa layin shuɗi. A juya lissafin. Shuɗi shi ne mafi sauƙi, tunda muryar mawaƙin asali tana jan ka a kai. Wanda ya fi kunne, wanda ba ya ruɗewa, shi za a ba layin tsakiya, domin shi ne aka matse tsakanin sauti biyu kowanne na jan sa. Sabon shiga ya riƙe shuɗi.

Da muka zo rabon, babban yayanmu ya ce shi jagora zai yi. Na ce, “Yaya, ai kai ne ginshiƙin, in ka bar tsakiya ba mai iya riƙe ta.” Gaskiya na faɗa, kuma ya karɓa. A lura da wannan, domin mutane na ɗaukar layin haɗi kamar an mai da su baya, alhali nan ne aikin yake.

Da zarar an raba, kowa ya zauna a layinsa na wannan waƙar har ta nuna. Canje-canje kowane zagaye ba ya barin kowa ya haddace komai.

8. Horar da kunne, talabijin a kashe

Wannan matakin minti goma ne, ba ya cin wuta ko mai, kuma shi ne ya fi kowane amfani. Mai jin Hausa yana da gata a nan da bai sani ba. Harshenmu da hawa da saukar murya yake aiki. Kukan yaro da kukar miya haruffa ɗaya ne, amma ba Bahaushen da zai ruɗe, saboda a na farko murya tana tsayawa a sama, a na biyu tana sauka a gaɓar ƙarshe. Kunnen da ke jin wannan bambancin tun yarinta zai iya riƙe layi, horo kawai yake so.

A sauke manhajar fiyano a waya. A danna C, mutum na farko ya kama sautin da “aaa” ya riƙe. A danna E, na biyu ya kama nasa alhali na farko bai saki ba. A danna G, na uku ya shiga. Su ne do, mi, so da 'yan makaranta ke rerawa. A riƙe tsawon numfashi ɗaya, a huta, a sake.

Karon farko abin da zai faru shi ne na biyu zai zame ya koma kan sautin na farko ba tare da ya sani ba. Jinin amshi ne, ba laifi. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa, zai ji muryarsa a cikin kansa ta fi ta kowa ƙarfi. A sake. Ranar da ukun suka zauna daidai za ku sani ba sai an gaya muku ba: sautin zai daina karkarwa, ya yi kauri kamar mutum biyar ne a ɗakin, har ka ji shi a ƙirji. Mu a rana ta huɗu muka same shi, matar maigidan da muke haya ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar wace tasha muka kama.

Bayan nan sai a motsa: na farko ya tsaya a C, na biyu ya hau daga E zuwa F ya dawo, ba tare da na farko ya bi shi ba. Wanda ya iya tsayawa alhali na kusa da shi na motsi, ya gama rabin aikin.

9. Ɗaya, sannan biyu, sannan uku

Yanzu a kunna gem. A zaɓi waƙa ɗaya tak, mai tafiya a hankali, wadda masu haɗi ke riƙe dogon “uuu” ko “aaa” maimakon kalmomi masu gudu. A shiga sashen koyo, a ɗauki baitin amshinta kawai.

Kowa ya yi layinsa shi kaɗai, sauran na zaune shiru, da sautin jagora na gem ɗin a kunne yana busa masa layin. Ya yi har sai ya cika baitin sau uku a jere. Sannan a kashe sautin jagorar ya sake. Daga nan a haɗa biyu, kuma a fara da masu haɗin biyu ba tare da mai shuɗi ba, don su san yadda nasu ke zama da juna. Sai a ƙarshe mai shuɗi ya shigo, kuma ya shigo da murya ƙasa-ƙasa.

Tsayuwa tana da tasiri. A bar kamar taku biyu tsakanin kowane mutum biyu, kowa ya ɗan juya makirufonsa nesa da na kusa da shi da kuma lasifika. Makirufo ya kasance kamar faɗin yatsu uku daga baki. Idan aka cunkushe wuri ɗaya, mai babbar murya zai shiga makirufon kowa, sai ka ga kibiyoyi uku sun taru a layi ɗaya alhali kowa na rera nasa daidai.

Gargaɗi: kada a kama kan makirufo da tafin hannu irin na mawaƙan dandali, yana toshe sautin ya ruɗa kibiya. Kada a yi ihu don a rinjayi na kusa, ihu yana ɗaga sauti sama da layi. A bar kwarkwasar murya da jan baiti irin na ƙasida a wannan matakin, domin gem ɗin sauti miƙaƙƙe yake so. Kuma a kula da farkon baiti: a ja numfashi tun layin bai iso ba, a ji sautin a rai kafin a fitar da shi. Masu haɗi da yawa suna shiga a kan sautin jagora sannan su lallaɓa zuwa nasu, kafin su isa rabin makin ya tafi.

Idan baitin ya zauna, a rage muryar mawaƙin asali a saiti kaɗan-kaɗan.  A ajiye waya a gefe ta ɗauki sautin, a saurara tare. Kibiya tana yafe abin da kunne ba zai yafe ba, musamman a Easy, don haka rikodin ne zai nuna wa ke shiga a makare, wa ke sakin ƙarshen kalma da wuri. Sai an cika waƙar a Medium sau da yawa sannan a hau Hard.

10. Ranar taro

A Legas sa lokaci ma aiki ne. Wanda zai taso daga Obalende ko Apapa zuwa Agege ranar aiki zai iso a gajiye, muryar gajiyayye kuma ba ta zama a layi. Mu Lahadi muka tsayar, daga bayan Azahar, a tsaya a yi La'asar, a rufe kafin Magariba. A gidan haya mai ɗakuna na kallon juna, a sanar da maƙwabta tun da wuri, kada a kai dare, kuma da an ji kiran salla a dakata.

A duba kalmomin waƙa kafin a sa ta a gaban yara ko manya. Ba duk abin da ke faifan ne ya dace da ɗakinmu ba, kuma mutum ya san abin da bakinsa ke furtawa. A ware guda biyar ko shida da kowa ya yarda da su.

A ajiye ruwa marar sanyi, ko shayi mai citta da zuma. Tsire mai yaji da lemo mai ƙanƙara a bar su sai an gama. Bayan kowace waƙa uku a huta, wanda ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi ya miƙa makirufo ya zauna. In mutane sun fi uku, a yi layi: sabon zuwa ya karɓi shuɗi, mai shuɗi ya koma layin sama, na sama ya koma tsakiya, na tsakiya ya huta. Da haka kowa ke ɗanɗana kowane layi ba tare da an jefa baƙo cikin mai wuya ba.

Da an tashi, a cire faifan a mai da shi kwalinsa, a naɗe wayoyin makirufo a sassauce ba a kan jikinsa ba, tunda daga gindin nan suke karyewa. A cire sosunan a wanke a shanya. Na'urar kuma a ɗaga ta daga ƙasa a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, saboda laimar damina da ƙurar hunturu duk ta ramukan iskarta suke shiga.